Gidan da ke dafa mai shi

 

An ce in yi magana kan tattalin wutar lantarki, kuma na san da yawanku sun zo ne da shirin su ji na zagi masu ɗauke wuta. Ku yi mini haƙuri, yau ba can na nufa ba. Maganar gidajenmu zan yi. Don Allah kowa ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin nan da muke zaune. Tol ne tsirara, ba filafon, ba ƙofar iska ko ɗaya a sama. La'asar ta yi tun ɗazu, rana ta karya, amma ga mu nan kowa na fifita da takardar taro.

Ina yaro, a gidanmu akwai soron kakata. Bangonsa, in ka ɗora hannu bisa kaurinsa, daga gwiwar hannu har ƙarshen yatsu bai ƙure shi ba. Rufin azara ne da ƙasa. Da rana tsaka a bazara, in ka shiga sai ka ji kamar ka leƙa randa. Shekarar da Allah ya buɗa wa babanmu, ya rushe ɗakuna biyu na ƙasa ya tayar da na siminti, aka buga tol sabo fil yana walƙiya. Wallahi murna muka yi. Na je lekol ina faɗa wa yara mu ma mun waye. Baba ya ce wa tsohuwa: "Inna, ki koma sabon ɗaki, a rushe wannan shi ma." Ta leƙa sau ɗaya da azahar, ta fito tana share zufa, ta ce: "Ni ba waina ba ce da za ku sa ni cikin tanda. Ku bar mini sorona." Muka yi ta dariya, muna cewa tsufa ne. To yau shekara nawa ke nan, daga Maris zuwa saukar damina ba mai iya kwana cikin ɗakunan nan biyu. An sa fanka, fanka na kaɗa iska mai zafi. In wuta ta tafi, kowa ya ɗauki tabarma sai tsakar gida. Ɗakin tsohuwa kuwa, bayan rasuwarta, shi ne wanda ake rige-rigen shiga a yi ƙailula.

Na kawo wannan labari ne don na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Unguwannin da ake yankawa sababbi a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai duk haka ake gina su: bulon siminti mai rami, siriri, tol a sama, taga ƙarama ta ƙarfe da ba a buɗewa saboda ɓarayi da ƙura. Irin wannan ɗaki ba ya zaunuwa sai da wuta. Wutar kuma ba tamu ba ce duka.

Kun tuna farkon watan Agusta na 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta katse wutar da take sayar mana, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na abin da NIGELEC ke rabawa. Layin Birnin Kebbi da ke ciyar da Yamai ya yi shiru, layin Katsina zuwa Gazawa da ke ciyar da mu da Damagaram shi ma haka. Sai a Maris na 2024 ta dawo. Tun daga nan kowa ya haddace kalmar ƴancin makamashi. Ana maganar tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30, ana maganar ta Malbaza mai 7, ana jiran madatsar Kandaji mai 130. Duk ina goyon baya, a gina, a ƙara. Amma mutumin da randarsa ke yoyo, in ya ce ba abin da yake buƙata sai ƙarin jaki mai ɗauko ruwa, ai sai a dube shi.

Bari mu fara da ƙaramin yoyo, wato ampul, tunda shi ne mai sauƙi.

Tsohon ampul ɗin nan mai zare a ciki, mai wat 60, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi yake mai da ita, saura kaɗan ne haske. Wato murhu ne ƙarami da ke ɗan haskakawa. Ampul na LED mai wat 9 yana ba da haske daidai da shi. Ku yi lissafin da ni. Awa 6 kowane dare, kwana 30: tsohon ya ci kilowat-awa 10.8, sabon ya ci 1.6. Ampul biyar a gida, ka tsira da kusan 46 a wata. Kowa ya koma gida ya duba faktir ɗinsa ya ninka da kuɗin da ake caje shi, kuma ya tuna farashin hawa-hawa ne, in ka ci da yawa sai ka faɗa matakin da ya fi tsada.

Wata ƙasa ta taɓa ɗaukar wannan lissafi da gaske. A 2007 ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, Gana ta shiga duhu. Gwamnatinsu ta sayo ampul miliyan 6 marasa cin wuta na wancan zamani, ta raba kyauta gida-gida, tana karɓe tsofaffin. Buƙatar wuta a lokacin da ta fi yawa ta sauka da megawat 124. Kun ji? Kusan Kandaji guda, ba a haƙa rami ba, ba a tashi ƙauye ko ɗaya ba. Ba ina cewa mu ma za mu samu wannan adadi ba ne. Gidajensu masu wuta sun fi namu yawa nesa, kuma a nan ampul mai zare ya riga ya yi ƙaranci a kasuwa. Abin da nake so ku riƙe shi ne hukuma na iya ɗaukar ampul a matsayin aikin ƙasa.

Matsalarmu ta yau wata ce daban. Kasuwa ta cika da LED, amma wane iri? Watan da ya wuce na sayi guda uku a wani shago, ɗaya dala ɗari. A kwali an rubuta wat 18 da manyan baƙaƙe, hasken kuwa bai kai na cocila mai sabon batir ba. Na farko ya fara ƙyafta ido cikin mako biyu, na biyu ya mutu daren da wuta ta dawo da ƙarfi. Na koma wurin mai shago, ya ce: "Malam, haka suke zuwa, ni ma cikin katon na same su." Gaskiyarsa. Shi ba shi da na'urar awo, ni ba ni da ita. LED na ƙwarai yana iya yin awa dubu 15 ko fiye. Talaka da ya sayi na dala ɗari sau shida a shekara ya biya kuɗin na ƙwarai har da riba, bai kuma taɓa ganin haskensa ba. In za ku saya, ku bar kallon wat, shi wat abincin ampul ne. Ku nemi inda aka rubuta lumen, shi ne hasken. Wajen lumen 800 ya ishi ɗaki madaidaici. Kwalin da bai rubuta lumen ba ko kaɗan, ku aje shi.

Akwai kuma abin da masu gyaran lantarki suka sani, mu ba mu lura ba: zafi ne ke kashe LED. A gindinsa akwai ƴan ƙananan kayan da ke daidaita wuta, kuma ba sa jure gasuwa. Ampul ɗin da ke rataye ɗan taƙi kaɗan ƙarƙashin tol, wuni guda yana dahuwa, ba zai yi kwanan ɗan uwansa da ke ɗaki mai sanyi ba. Kun ga maganar ta dawo kan rufi.

Kuma in gaskiya za a faɗa, duk ampul ɗin gida in ka tara su ba su kai ƙafar kilim ba. Kilim guda na ɗaki madaidaici yana jan fiye da wat dubu, abincin ampul fiye da ɗari ke nan. Shi ya sa yankewar wuta ta fi tsanani a Afrilu da Mayu. Ba haske mutane ke ƙarawa a bazara ba, sanyi suke nema. Kowane bene na gilashi da aka tayar a Yamai, kowane biro da aka gina kamar akwati aka cika shi da kilim, yana ɗibar rabon wata unguwa. Ka shiga irin waɗannan ma'aikatu da ƙarfe goma sha ɗaya na safe: an ja labule don rana na dukan gilashi, an kunna dogayen fitilun neyon don labule ya kawo duhu, an kunna kilim don gilashi da neyon sun kawo zafi. A ƙasar da Allah ya ba hasken rana har ya yi yawa!

To mi ke sa ɗaki zafi? Ba sihiri ba ne. A nan inda muke, wajen ƙarshen Afrilu rana ta tsakar ka take bi, don haka rufi ne ke shan mafi yawan duka. Tol a rana yana haura digiri 60, ku tambayi duk wanda ya taɓa hawa gyara da azahar. Siriri ne, abin da ya sha nan take yake zubo maka bisa kai. Bayan rufi sai bangon gabas da safe, sai na yamma da la'asar, wanda shi ne mugun, don yana shan rana lokacin da iska ma ta riga ta yi zafi. Bulon siminti mai rami ba ya jinkirta zafin sosai. Bangon ƙasa mai kauri kuwa yana shanye shi sannu a hankali, sai bayan awoyi da yawa ya iso ciki, lokacin rana ta faɗi. Abin da tsohuwa ta sani ke nan ba tare da ta je jami'a ba.

Kada in yi muku ƙarya, soro ma yana da lokacinsa. A tsakiyar Mayu, zafin da bango ya tara da rana cikin dare yake sakinsa, shi ya sa iyayenmu ke kwana waje ko bisa soro. Maganinsa ƙofofin iska a sama, masu fuskantar juna, a rufe da rana a buɗe da dare, iskar asuba ta wanke ɗakin.

Na ga wani yana girgiza kai can baya, kuma na san abin da zai ce: gidan ƙasa faɗuwa yake yi. Gaskiya ne, kuma ba zan kauce wa maganar ba. Daminar 2024 ta kashe ɗaruruwan mutane a ƙasar nan, da yawansu gini ne ya faɗa musu. A watan Satumba na shekarar, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube muna kallo a waya. Duk wanda ya tono ɗan uwansa daga ƙarƙashin bango, ba ka da bakin ce masa ƙasa ta fi siminti. Kuma babanmu da ya rushe ɗakunan nan ba wauta ya yi ba. Ya gaji da yaɓe kowace shekara, ya gaji da tara kwanoni ƙarƙashin ɗigo, azara ta yi tsada don giginya ta ƙare a kusa.

Amma mu duba yadda gidajen ke faɗuwa. Ruwa ne ke kwanciya a gindin bango ya jiƙa shi daga ƙasa, ko indararo ya toshe ruwa ya taru a rufi. An yanka filaye a hanyar ruwa, ba a haƙa magudana ba, an ɗora bango bisa turɓaya ba tushe. Wani tsohon magini a unguwarmu ya taɓa ce mini: "Ɗana, da can gini sai an tsima ƙasa kwana da kwanaki, a tattake ta da ciyawa, a shafe bango da makuba. Yanzu yau a kwaɓa, gobe a ɗora, jibi a shiga. Mi ya hana shi faɗuwa?" Tushe na dutse ko siminti da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa, da rufin da ya leƙo ya kare bango daga feshin ruwa, su ne ke raba ginin ƙasa mai shekara ɗari da mai damina uku. Siminti yana da wurinsa, a tushe da wuyan gini. Ba sai an yi dukan gidan da shi ba.

Kuma ba mafarki nake faɗa ba, a ƙasar nan aka yi. A Yama ta jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta duniya. Bahaushe, magini na ƙauye. Tun 1980 aka fara koyar da gini ba itace a Cikal, wajen Filinge: rufin baka da na ƙubba, da bulon ƙasa zalla, ba azara ba tol, kuma an horar da magina a sassan ƙasar nan da dama. A Dandaji, ƴar ƙasar nan Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun gyara tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa, aka gama a 2018. Da mi? Da bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji, a zuba masa ɗan siminti da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba, ba a gasa shi da itace. Da irin wannan bulo aka gina gidajen Niamey 2000 a babban birni, masu bene, a 2016. Maƙwabtanmu na Burkina kuma, Francis Kéré ya gina lekol a ƙauyensu Gando a 2001. Bai jefar da tol ba, sai ya ɗaga shi sama bisa ƙarafa, ya yi rufin bulon ƙasa a ƙarƙashi, iska na ratsawa tsakani tana kwashe zafin. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gini, ɗan Afirka na farko. Turawa na hawo jirgi su zo kallon waɗannan gine-gine, mu kuma ɗan kwangilarmu bai taɓa jin labarinsu ba.

Wanda ya riga ya gina da tol fa, ya rushe? A'a. Ka shafa wa rufin farin fenti ko farar ƙasa kafin bazara, fari yana mai da rana inda ta fito. A birnin Ahmedabad na Indiya hukuma ta mai da wannan shiri na gari guda, tana shafe rufin unguwannin talakawa. Ka sa filafon ko da na zana ne ko tabarma, ka bar rata tsakaninsa da tol, ka huda ƙofar iska a kowane gefe, ka sa mata raga. Ka kafa rumfa ko ka dasa dogon yaro a yammacin ɗaki. In kuma sabon fili ne za ka gina, ka tsaya kan magini ya juya ɗakin, dogayen bangaye su dubi arewa da kudu. Wannan na ƙarshe ko dala ba ya ci, sai dai gardama da magini.

Zan so ƴan uwanmu na ƙauyuka su ji wannan, don kada a ce maganar ƴan birni ce. A Nijar, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki. Sauran huɗun ba su da fanka balle kilim, ginin ne kaɗai kariyarsu. Wanda ya yi ƙoƙari ya sayi fanon sola da batir, kowane wat da ampul ya ɓata daga aljihunsa ya fita, don sai ya ƙara girman fano. Likitar ƙauye da aka gina kamar tanda, nan mace ke naƙuda da azahar a watan Mayu.

To in abin yana da sauƙi haka, mi ya sa ba a yi? Dalili ɗaya babba: mai gini daban, mai shan zafi daban. Mai gidan haya yana neman bulo mafi araha da tol mafi siranta, don ba shi zai kwana ciki ba, ba shi zai biya faktir ba. Ɗan haya kuma ba zai kashe kuɗinsa kan rufin wani ba, ga kontar guda gida shida, wanda ya yi tattali da wanda ya yi ɓarna kuɗinsu ɗaya. Ɗan kwangilar da ya gina aji ya karɓi kuɗinsa ya tafi, yara da malami ne za su dahu shekara ashirin. Irin wannan ba a gyara shi da wa'azi. Sai an rubuta shi cikin sharuɗɗan kwangila.

A nan ne aikinmu na ƴan farar hula yake. Ba mu manta da Afrilun 2021 ba, da gobara ta cinye azuzuwan zana a Yamai ta kashe yara 20, ko Nuwamban 2021 nan Maraɗi, da muka binne aƙalla 25. Dole a maye gurbin azuzuwan zana, dubbai ne, kuma ana kan ginawa. Tambayar ita ce da wane irin aji za a maye su. In za a fitar da yaro daga bukkar da ke kama wuta a sa shi cikin akwatin siminti da ba ya iya karatu ciki bayan ƙarfe sha ɗaya, an yi rabin aiki ne da cikakken kuɗi. Kuɗin jama'a ne, muna da haƙƙin tambaya. Duk aji, duk likita, duk biro da za a gina, mu nemi a nuna mana zanen tun kafin a haƙa tushe: ina rufi biyu ko filafon, ina ƙofofin iska, wane gefe tagogi suka duba, za a iya karatu da rana ba a kunna ampul ba? Mu nemi a gwada bulon ƙasa matsattse ko da a aji goma cikin ɗari, a kira maginanmu da suka iya, kuɗin ya zauna a gari. Mu nemi kuma a riƙa auna ampul ɗin da ke shigowa ƙasa, abin da aka rubuta a kwali ya zama shi ne a ciki.

Amma in muka je gaban magajin gari da baki kawai, zai ce mana zafi na Allah ne. Don haka ga abin da nake roƙo. Ma'aunin zafi na bango ba shi da tsada. Mu haɗa kuɗi mu sayi guda ashirin kafin Maris. Kowane ɗayanmu ya nemi izinin darakta a lekol ɗin unguwarsu, ya rataya ɗaya a ajin tol tsirara, ɗaya a aji mai filafon in akwai, ɗaya a wani soro na kusa, ɗaya a inuwar itace. Ƙarfe takwas, sha biyu, da uku na rana, a rubuta a kaye, har ƙarshen Mayu. Yaran ajin ma za su iya rubutawa, darasi ne gare su. In damina ta sauka sai mu tattara, mu buga a shafinmu, mu ɗauki takardar mu kai inda ake sa hannu kan kwangila.

Takardar sunaye tana wurin ƴar uwarmu a bakin ƙofa, wanda zai ɗauki ma'auni ya rubuta sunan unguwarsu. Ampul ɗin nan na uku da na ba ku labari, wanda bai mutu ba tukuna, na zo da shi, ga kuma na ƙwarai mai wat 9. In an yi sallar magariba, Allah ya sa akwai wuta, za mu kunna su gefe da gefe kowa ya gani da idonsa.